Ɗari da Sha Huɗu

Ƙarfe huɗu nake hura wuta
a tsohuwar masana'antar shayi ta bayan Ozurgeti,
inda uwata ta ƙarar da yatsunta wajen tsinkar ganye.
Yanzu ba ganye. Sai tsatsa da yoyon rufi,
da baki ɗari da sha huɗu
masu jin motsin muciya tun ba ta taɓa tukunya ba.

Garin masara buhu biyu, bashi ne.
Ƙashi kuwa daga Nugzar mahauci,
mai rantsuwa kullum wannan ne na ƙarshe,
jibi ya dawo da wani, yana zagin kansa.
Tsiala takan iso daga asibiti, ido jajur,
ta kwana tana ɗinke mutane,
ta zo ta ɗinke wanda mota ta watsar a bakin gada.
Ba mai biyanmu, ba wanda ya aike mu.
Maƙwabta sun ce mun taɓu,
amma su ne ke lallaɓowa da dare
su ajiye mana kwali a ƙofa,
kwalin yana motsi, yana kuka.

Da tabo na san su kafin suna:
mai ƙafa uku da ke riga kowa isa kwano,
mai wuyan da sarƙa ta ci har ta ɓuya a nama,
da wani tsoho makaho
da ba ya barci sai ya ji tarina.

Wata asuba, sanyi na sara kamar gatari,
na tarar da karya ɗaure da igiyar shanya.
An shimfiɗa mata bargo, an ajiye kwanonta,
ga takarda cikin leda don kada ruwa ya cinye rubutun:
“Sunanta Nisla. Ba ta cizo.
Matata ta rasu,
ni kuma na kasa haɗa ido da ita.”

Kwana tara ba ta sa komai a baki ba.
Nakan zauna gefenta da burodina da cuku,
ban kira ta, ban lallashi.
Wanda aka yasar ba a yi masa gaggawa.
Rana ta goma ta lashi gishirin tafina.
Ban gaya wa kowa ba.
Na shiga ɗakin magani, na jera kwalabe, na sake jerawa,
har idona ya bushe.

Ƙanƙara ta narke a kan tsauni, sai ga shi.
Dattijo, hula a hannu, takalmi ya sha goge.
Wata uku Tsiala na wasa masa magana kamar wuƙa,
da ta ga yadda gwiwarsa ke rawa
sai ta mayar da ita kube.

Nisla ta ɗaga kai, ta shaƙi iska.
Wutsiya ta kaɗa sau ɗaya
ta tsaya.
Ta zagayo ta ɓuya bayan ƙafata.

Bai kira ta ba.
Ya daɗe yana kallon tulin kwanoni a bakin famfo,
can ya ce, “Wa ke wanke waɗannan?”

Shalva sunansa. Kowace Laraba yakan zo,
ya naɗe hannun riga, ruwan na yankar yatsu,
wankinsa ma bai fita sosai,
sai na bi baya na ɗauraye in ya tafi.
Ita kuwa tana kwance nesa, ta ba shi baya,
kunne ɗaya a miƙe.
Na lura da inda take kwanciya:
makon jiya taku shida ne tsakaninsu,
yau biyar da ɗan wani abu.

Da dare nakan bi keji keji da fitila ina ƙirga.
Ɗari da sha huɗu.
Ran Laraba lissafi kan ƙwace mini,
in samu ɗari da sha biyar,
in bar shi haka a littafi.